Ko ka turo, ko ka ƙyale ɗiyar mutane

Samarin Madawa, Buza da Keita, yau da ku nike. Wanga hali na ɗaure yarinya shekara da shekaru da "ki jira ni" ya ishe mu.

Da an gama girbin hatsi ka hau mota, sai Abijan ko Libiya. Ci-rani ba laihi ba ne, iyayenmu ma sun yi shi. Amma su in suna son mace, magabata suke turawa da goro. Kai hwa? Sai murya ta WhatsApp tsakar dare. Ta ce yaushe, ka ce sai damana. Damana ta wuce, ka ce sai an saida albasa. An saida albasar, ka sayi moto.

Kada ka laɓe bayan tsadar aure. E, akwai ta, amma moton kyauta aka ba ka? Tsoro ne kawai: ba ka iya barinta, ba ka son ɗaukar nauyinta.

Ita ko ta kori manema saboda kai, har an armar da ƙanwarta. Yanzu ita ake zunɗe bakin rijiya, wai ruwan ido gare ta. Kai ba wanda ya ce maka uffan.