Me Ya Sa Koko Ke Tsinkewa?

Duk wanda ya taɓa bai wa ƙanensa koko a Janbako ya san wannan: an damo shi da kauri, amma kafin yaro ya sha rabin kofi ya tsinke kamar an ƙara ruwa, alhali ba wanda ya ƙara. To, me ya faru?

Gasarar gero cike take da sitaci, shi kuwa sitaci dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sukarin da ake kira gulukos, ɗaruruwa zuwa dubbai a haɗe. Irin waɗannan sarƙoƙi ne muke kira folima a aji. Da gasara ta ji tafasasshen ruwa, sai sarƙoƙin su baje su harɗe da juna kamar zaren da ya cukurkuɗe, ruwa ya kasa gudu. Kaurin ke nan.

Abu biyu ke ƙara shi. Na farko yawa: idan gasara ta yi yawa a ruwa kaɗan, sarƙoƙin sun fi harɗewa. Na biyu tsawon sarƙa, wato nauyin ƙwayar. Mu zuba cokalin sukari a kofin ruwan zafi, ruwa yana nan tsararo. Mu dama cokalin sitaci, nan take zai kama. Bajamushe Hermann Staudinger, wanda ya ci kyautar Nobel a 1953, da kauri ya riƙa auna tsawon irin waɗannan sarƙoƙi.

Yawun bakinmu yana ɗauke da sinadarin amilas, mai daddatsa sarƙar sitaci. Ludayi ya je baki ya koma kofi, amilas ya shiga aiki. Yawan hatsin bai ragu ba, tsawon sarƙa ne ya ragu.

Ga inda abin ya shafe mu. Idan kunu ya yi wa yaron da ake yayewa kauri, ruwa muke ƙarawa. Cikinsa ƙarami ne, sai ya cika da ruwa, abincin kaɗan. Amma geron da aka tsirar, aka shanya, aka murje tsiron aka niƙa, shi ma yana da amilas. Ɗan garinsa a kunu mai kauri, bayan ya ɗan huce, zai sassauta shi ba tare da ƙarin ruwa ba, sannan a sake tafasawa.

Mu gwada da kofi biyu a gida, mu nuna wa iyayenmu mata, su kuma tuntuɓi ma'aikatan asibiti kafin a fara bai wa jariri.