Gwanin Babur, Tayoyinsa Biyu Suna Ƙasa

'Yan uwana ɗalibai, duk ranar Sallah ko ranar kai amarya sai ka ga samari a kan babura suna murɗa totur, su saki kuloci gaba ɗaya, tayar gaba ta yi sama, yara na tafi ana ihu. Wasunmu har bidiyon suke ɗauka suna turawa abokai. A ganina mun ɗora tafin a inda bai dace ba. Ɗaga taya duk mai karambani zai iya. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya tashi da babur mai ƙarfi daga tsaye, da sauri, ba tare da tayar gaba ta bar ƙasa ba.

Mu dubi gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babur a duniya. Gudun baburanta ya wuce hankali. A 2023, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya haura kilomita 366 a awa ɗaya a filin Mugello na ƙasar Italiya. Amma waɗannan gwanaye, babban abin da suke gudu a lokacin tashi shi ne ɗagawar tayar gaba. Kamfanin Ducati ya shahara da saka wa baburansa ƙananan fukafukai don iska ta danne gaban babur, ya kuma kawo wata na'ura mai durƙusar da babur kafin a tashi. Akwai kuma kwamfuta a jikin babur da ke rage ƙarfin inji da zarar taya ta fara ɗagawa. Dalili kuwa, duk wanda tayarsa ta ɗaga dole ya sassauta totur, kafin ya daidaita abokan tserensa sun wuce shi.

Malaminmu na Fiziks ya riga ya ba mu sirrin. Idan abin hawa ya figa gaba, nauyinsa baya yake komawa, kamar yadda fasinja ke jinginuwa da kujera idan mai Adaidaita Sahu ya tashi da garaje. Babur gajere ne, ga mahayi zaune a samansa, don haka da ƙarfin ya yi yawa sai gaban ya tashi. Shi ya sa gwani yake kwantar da ƙirjinsa wajen tanki, ya riƙe totur daidai wa daida, ya riƙa sakin kuloci a hankali har ya ji inda ya fara kamawa, sannan ya ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Ƙafarsa ta dama tana kusa da birkin baya, domin taɓa shi kaɗan yana mayar da gaban ƙasa. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A tashin babur kuwa, mai sannun hannu shi ke riga isa.

Na san wani zai ce ai wasa ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, da tayar gaba ake juya kan babur, kuma birkin gaba ne ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Idan tana sama, mahayi ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. 'Yan tsere suna da hular kwano, da rigar fata, da likitoci a gefen fili, kuma babu yaro ko akuya da za su gitta musu. A layin unguwarmu akwai ƙannenmu, akwai tsofaffi, akwai kwata. Hawa ɗaya na iya kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala, jarrabawar WAEC ta wuce yana kwance da ɗauri.

Shawarata ita ce, wanda bai kai shekara 18 ba ya haƙura har ya isa karɓar lasisi, wanda ya kai kuma kada ya hau ba hular kwano. Muna roƙon malamanmu su kawo wannan misali cikin aji, mu lissafa shi a allo. Mu kuma 'yan kallo mu daina tafa wa mai ɗaga taya, domin tafinmu ne ke zuga shi.