A Auna Bayanmu Kafin A Sayo Mana Jaka

A wannan mako mun zo da magana a kan jakar goyo, wadda muke ratayawa mu zo makaranta, kuma ita ce muke ɗauka idan za mu gona ko kiwo ko farauta. Ra'ayinmu shi ne a daina sayo wa yaro jakar da ta fi ƙarfin bayansa da sunan wai zai girma da ita.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Bayan an gama kaka, wata Asabar muka bi yayyenmu da karnuka zuwa gefen fadama neman gafiya da zomo. A cikinmu akwai wani ƙanenmu ɗan shekara tara. An ba shi tsohuwar jakar wansa, aka zuba masa ruwa da gari da ƙuli-ƙuli da duwatsun danƙo. Jakar ta sauko har ƙasan ɗuwawunsa, duk takun da ya yi sai ta buge shi a cinya. Igiyarta siririya ce, ta yi ta cin kafaɗarsa har wurin ya yi ja. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya fara kuka, ya ce hannunsa ya mutu. Dole wansa ya karɓi jakar ya haɗa da tasa, muka juyo gida ba mu kama komai ba. Wasu suka yi ta yi masa dariya suna ce masa raggo. Mu dai da muka duba, laifin na jakar ne da wanda ya ɗora masa ita.

Kowa a Dinawa ya san yadda mai jaki ke yi in zai kai albasa kasuwa. Sai ya fara shimfiɗa akumari don kada kaya su ji wa jakin ciwo. Sannan ya daidaita mangala, gefen dama da na hagu su zo ɗaya. Ba ya ɗora wa ɗan jaki abin da yake ɗora wa babba. To in ana yi wa dabba wannan lissafi, me ya sa ba za a yi wa ɗan mutum ba?

Likitocin yara suna ba da shawarar kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron da ke ɗauke da ita. A ƙasar Indiya ma gwamnati ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2020 cewa kada jakar ɗalibi ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Mu yi lissafin da aka koya mana a aji. Yaro mai kilo 30, kashi 10 na nauyinsa kilo 3 ne. Mai kilo 40 kuwa kilo 4. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan yaro mai kilo 30 da ya ɗauki ruwa lita 2 ya riga ya cinye kashi biyu cikin uku na abin da ya kamata ya ɗauka, tun bai saka abinci ko littafi ba. Kuma ba yadda za a yi a rage ruwan, domin a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Abin da za a rage shi ne tarkace. Ita kuwa babbar jaka, da ma tarkace take kira. In yaro ya ga sauran wuri a ciki sai ya cika shi.

Idan kaya suka yi nauyi kuma suka yi ƙasa, suna jan mutum baya. Don kada ya faɗi sai ya sunkuya gaba, ya miƙa wuya kamar kunkuru. Daga nan ciwon wuya da na kafaɗa da na baya ke farawa. Siririyar igiya kuma tana danne jijiyoyin kafaɗa, shi ya sa hannu ke yin sanyi kamar ba naka ba. Mai ratayawa a kafaɗa ɗaya shi kuma karkacewa yake yi gefe guda. Ku tsaya bakin ƙofar makaranta gobe da safe ku ƙirga masu tafiya a sunkuye, za ku ce mun faɗa.

Akwai kuma wani dalili da bai kamata mu ɓoye ba. Duk mun san halin da ake ciki na tsaro a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Iyayenmu ba sa bari mu yi nisa da gari, kuma suna da gaskiya, mu ma muna kira ga kowa ya bi maganarsu. Amma ko a gonar bayan gari ne, in babba ya ce a koma gida yanzu, ana so kowane yaro ya iya ɗaga ƙafa da sauri. Jakar da ke bugun cinya tana lilo ba za ta bar shi ya yi sauri ba.

Mun san abin da iyayenmu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce kuɗi sun yi wuya, gara a sayi babba guda ɗaya ta yi shekaru, in wa ya gama ƙane ya gada. Amma babbar jaka a bayan ƙaramin yaro ba ta daɗewa. Yana jan ta a ƙasa, gindinta ya huje, ya cusa mata kaya har zif ya ɓalle. Kafin ya girma da ita ta riga ta mutu, an yi asarar kuɗin, ga ciwon baya a sama. Wasu kuma za su ce wahala ke sa yaro ƙarfi, su ma sun ɗauki itace da tulu a ka tun suna ƙanana. Gaskiya ne. To amma ko mai ɗaukar tulu gammo take fara naɗawa, kuma ba a ba 'yar shekara shida tulun uwarta. Kakanninmu sun san wannan. Almajiri yana da gafakarsa daidai littafinsa, mafarauci yana da burgaminsa daidai tafiyarsa, baduku kuma yakan dubi mai kaya kafin ya yanka fata.

Don haka ga roƙonmu. Idan za a sayo jaka a kasuwar Achida ko a Sakkwato, sabuwa ce ko ta gwanjo, a tafi da yaron. In ba zai samu zuwa ba, a ɗauki zare a auna daga ƙasan wuyansa zuwa ƙugunsa, a tafi da zaren. Jakar da ta dace ba ta wuce kafaɗa a sama, ba ta sauka ƙasa da ƙugu, kuma faɗinta bai fi faɗin bayan yaro ba. A nemi mai igiya biyu masu faɗi da soso a ciki, waɗanda ake iya ja a rage tsawonsu. In tana da maɗaurin ƙugu ya fi kyau ga doguwar tafiya, domin yana sauke wani nauyin daga kafaɗa zuwa kwankwaso. A saka mata kaya a wurin mai sayarwa, yaron ya goya ya ɗan taka. Jakar da babu komai a ciki kowa za ta yi wa daidai.

Wanda ba shi da halin sayen ta kanti kada ya ji kunya. Akwai teloli a garin nan da ke ɗinka jaka da buhun shinkafa ko ragowar yadi mai kauri. Mun kai wa ɗaya daga cikinsu jakar ƙanen namu. Da ya ɗaga ta ya dube shi sai ya ce, "Wagga jikka ai ta baban yaro ce." Ya rage tsawon igiyar, ya naɗa mata tsumma ya ɗinke, ya ɗage gindin. Yanzu yaron yana tafiya da ita a miƙe.

Mu ma ɗalibai muna da namu aikin. Mu duba jadawalin darasi da dare, mu ɗauki littattafan ranar kawai. Abu mai nauyi kamar gorar ruwa ko babban littafi mu sa shi ya jingina da baya, marasa nauyi su zo waje. Mu rataya igiya biyun duka, mu ja su har jakar ta kwanta a baya. In da wuƙa a ciki ta kasance cikin kube. Da damina mu sa littattafai cikin leda kafin mu zuba su. In ƙurar hunturu ta sa zif ya cije, a goga masa kyandir maimakon a fizge shi.

Ga malamanmu kuma, muna roƙon duk lokacin da za a kai mu ziyara, ko hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne a Wurno, inda aka binne shi a 1837, ko madatsar ruwa ta Goronyo, a duba jakunkunanmu kafin a tashi. A aro sikeli daga asibiti ko wurin masu awo, a auna ɗalibi a auna jakarsa, wanda tasa ta yi yawa a rage masa. Hakan ma darasin lissafi ne.

Wanda yake da wani ra'ayi daban ya rubuto wa ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, za mu liƙa shi a nan mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara wa iyayenmu buɗi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.