Basira Ake Aunawa, Ko Turanci?

A jarrabawar shiga sakandaren tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, akwai sashen da aka ce yana auna kaifin tunani ta hanyar kalmomi. Akan ba yaro kalmomi biyu masu alaƙa, a ce ya nemo wasu biyu masu irin alaƙar: matsayin likita ga asibiti shi ne na malami ga makaranta.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya tashi cikin kacici-kacici da karin magana. Matsalar ita ce da Turanci tambayar take zuwa. Wanda bai taɓa cin karo da kalmar ba zai faɗi ko da kansa na ja, a ɗauke shi daƙiƙi, alhali ƙarancin kalmomi ne ya kayar da shi. A Amurka, an cire irin waɗannan tambayoyi daga jarrabawar SAT a 2005, daga GRE kuma a 2011.

Tunda a Najeriya suna nan daram, haddar jerin kalmomi ba za ta fisshe yaro ba. Abin da zai fisshe shi shi ne karanta littattafan labari kullum, da iyayen da za su zauna su warware masa alaƙar kalmomin da Hausa.