Ba a ƙwace wa makaniki sifana alhali mota na kan hanya

A farkon shekarar 2024 kamfanin Microsoft ya fitar da sigar 1.86 ta VS Code, manhajar da ɗimbin injiniyoyi ke rubuta manhajoji da ita, su kuma farauci kurakuran da ke ɓoye a cikinsu. Da yawa daga cikinsu suka wayi gari ba sa iya shiga kwamfutocin da suke kula da su daga nesa. Sabuwar sigar ta gindaya sharaɗin sai na'ura na da glibc 2.28 ko sama da haka, wato rumbun umarnin da galibin manhajojin Linux ke dogaro da shi. Ubuntu 18.04 na da 2.27. CentOS 7 kuwa 2.17 gare shi, kuma a lokacin wa'adinsa bai ma cika ba, sai ƙarshen Yunin shekarar. Da koke ya yi yawa kamfanin ya ɗaga ƙafa na kusan shekara guda, abin da ya nuna tun farko ba dole ce ta sa ba.

Hujjar masu kare wannan ɗabi'a ita ce kula da tsofaffin tsare-tsare na cin kuɗi da lokaci, kuma barin mutane a kansu haɗari ne. Gaskiya ne, amma ta tsallake wurin da gizo ke saƙa. Daina tallafi ba ya kashe tsohuwar na'ura. Tana nan tana lissafin albashi, tana juya injin awo a asibiti, domin manhajar da ke kanta ba ta gudana a sabon tsari, ko kuma babu kuɗin sauyi. Abin da aka janye shi ne idon da ake leƙa cikinta idan ta tsaya. Injiniyan da ba zai iya dakatar da manhaja a tsakiyar aiki ya duba abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba, ya koma laluben duhu. Haɗarin da ake ikirarin gudu sai ya ninku.

Hanyar kauce wa haka ba sabuwa ba ce. Tuni GDB ke da gdbserver, ɗan ƙaramin sashe da ake ɗorawa a na'urar da ake bincike, nauyin aikin kuma ya zauna a kwamfutar injiniya. Kamfani mai ƙarfin Microsoft ba zai gaza kula da irin wannan ɗan sashe ba. Shi kansa ya fitar wa Windows XP da gyara a watan Mayun 2017, lokacin harin WannaCry, shekara uku bayan ya ce ya yi sallama da shi.