Darasin tseren mota ga masu rewaya na Zuru

A Amurka akwai tseren da motoci biyu ke yi a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, wanda ƙungiyar NHRA da aka kafa a 1951 ke shiryawa. Kafin a tashi, direba yakan danna wani maɓalli da ke sa giyar farko da ribas su kama lokaci guda. Motar ta kafe wuri ɗaya, shi kuwa ya take totur. Da ya saki maɓallin, ribas ya saki, mota ta zabura. A nan, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba yakan raba mai nasara da wanda ya sha kaye.

Abin da ke riƙe giyar shi ne solonoyid, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke zama maganaɗisu idan lantarki ya ratsa ta. Halinta shi ne ba ta yarda a yanke mata wuta farat ɗaya, kamar yadda dokar Heinrich Lenz ta 1834 ta bayyana. Idan aka yanke, sai ta mayar da martani da ƙarfin da kan kai ɗaruruwan volt, alhali batirin na volt 12 ne. Wannan martani ke cinye makunni, ya ƙona kayan lantarki.

Maganin da aka saba shi ne a haɗa mata diyod. Sai dai diyod yakan tsayar da martanin a ƙasa da volt 1, don haka wutar ta yi ta kewaya naɗin a hankali, maganaɗisun ya yi jinkirin saki. Masu tsere sukan ƙara diyod nau'in zena, wanda ke barin martanin ya hau zuwa wani mataki da aka zaɓa, misali volt 30, sannan ya tare shi. Wutar ta mutu da sauri, kayan kuma su tsira.

Me ya haɗa Zuru da wannan? Irin wannan naɗi ne ke cikin sitata, da rile, da injekta, da abin da ke yanke man dizal a tarakta da janareta. Na taɓa ganin wani mai rewaya ya cire diyod daga rile yana cewa ba shi da amfani, kuma motar ta tashi lafiya. Ɓarnar takan biyo baya, ranar da ƙwaƙwalwar mota ta ƙone mai ita ya biya.

Ba na zargin masu rewaya da rashin basira. Da ido da hannu suka koyi sana'a, abin da ke faruwa cikin naɗi kuwa ido ba ya ganinsa. A ra'ayina, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ya dace ta buɗe musu gajeren kwas na yamma, da Hausa da C'lela, kan tushen lantarkin mota. Manomin da taraktarsa ta tsaya a tsakiyar damina ne zai fara cin moriyar hakan.