Warin kaya lokacin malka ba laifin mai wanki ba ne

Kun san yadda Madarumfa take in watan Agusta ya kama. A kwana ana ruwa, a wayi gari da yayyafi. Gulbi ya kawo daga wajen Jibiya, tabki ya cika, bangon ɗaki ma in ka taɓa sai ka ji danshi. Wani lokaci a yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito da ƙarfi ba. Amma wanki ba ya jira. Ga rigunan yara duk taɓo, ga tsumman jinjiri, ga rigar Juma'a ta maigida. Dole a shanya cikin ɗaki. Sai kayan su bushe da wani wari kamar na tsohon buhu.

Rannan wata ɗaliba ta zo aji ranta a ɓace. Ta ce maigida ya sansana rigarsa, ya ce ba ta iya wanki ba, wai rowar sabulu take yi. Ni a ganina an zalunce ta. Ko ta ƙarar da Omo na jikka guda, in rigar ta kwana biyu jiƙe, sai ta yi wari.

Ga dalili. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune cikin zaren tufafi. Abincinsu zufa da maiƙon jiki. Wanki da ruwan sanyi ba ya kashe su duka. In tufa ta bushe da wuri, ba su samun sukunin yaɗuwa. In ta daɗe da laima, sai su hayayyafa, kuma abin da suke fitarwa shi ne warin nan. A shekarar 2012 masu bincike na ƙasar Japan sun gano irin halittar da ta fi haddasa shi. Ka ga ke nan har masu injin wanki suna fama da abin. To magani guda ne: kaya su bushe da sauri.

Mu kuwa mi muke yi? Sai mu rufe ƙofa, mu toshe taga da tsumma don gudun sanyi, mu jibga kaya bisa igiya ɗaya, wani kan wani. Ruwan da ke cikin tufa ina za shi? Nan zai tsaya cikin ɗaki, har hunhuna ta fito a bango da ƙarƙashin katifa. Mai tarin fuka shi ya fi kowa shan wahala. Ga sauro kuma, yana son laɓewa cikin kayan da aka rataye, alhali lokacin masassara ne.

Turaren wuta yana da daɗi, ni ma ina so. Amma rufe wari yake yi, ba ya kore shi. Da ka sa rigar ka yi zufa, sai warin ya dawo.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne kaskon gawayi. Wasu suna hura shi ƙarƙashin shanya, su rufe ɗaki, su kwanta. Don Allah a bari! Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. Riga ba ta kai rai ba.

Ƴar uwa, in kin ga hadari ya ɗauru, wanke abin da ya zama dole kawai, sauran su jira rana. Fara da sassafe. Kar ki bar kaya su kwana jiƙe cikin baho. Ɗauraye su sosai, ki matse har ruwa ya daina ɗiga, ki kakkaɓe. Ki buɗe kowace tufa, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Ƙofa da taga su zama a buɗe da rana, iska ta shiga nan ta fita can. Wadda ta riga ta yi wari, a sa ta cikin ruwan zafi in ba mai zuba ba ce, ko a bi ta da dutsen guga har ta bushe ƙayau. Kar a ninke ta cikin akwati da sauran sanyi.

Kai kuma maigida, ga naka aiki. Igiya ɗaya ba ta isa gida mai mutum goma. Sayo ta biyu ran kasuwa, ka ɗaura a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska take bi. In rumfar tana yoyo, gyara ta tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Tagar nan da ka liƙe da laka tun hunturu, yau ka buɗe ta.